Sharhi a Kan Waƙar "Fitsari Ɗan Duniya"

Ɗalibin da ya shiga karatun waƙoƙin Hausa, galibi da waƙoƙin fada a kan soma masa, irin na Ibrahim Narambaɗa, ko kuwa da rubutattun waƙoƙi, irin na Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja. Waɗannan duk maza ne sanannu, kowannensu yana da ubangida ko almajirai masu adana maganarsa. Waƙar da za mu duba a nan daga wani gida dabam ta fito. Mata ne masu ciwon yoyon fitsari suka riƙa rera ta a wani asibiti a Jos, sunanta kuwa "Fitsari Ɗan Duniya". Wanda ya sa ta a takarda wani likitan mata ne Ba'amurke, Dakta Lewis Wall, wanda tun yana saurayi ya zauna a ƙasar Malumfashi yana binciken magungunan Hausawa, har ya yi littafi a kansu a 1988. A shekarar 2002 ya buga waƙar da fassararta a wata mujallar likitocin mata ta Amurka, don abokan aikinsa su ji abin da masu ciwon su ke faɗi da bakinsu.

Asibitin nan Turawan mishan na SIM suka kafa shi, sunansa na takarda Evangel, yanzu kuwa shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham. Amma mutanen gari Jankwano su ke ce masa, sabo da jan kwanon rufinsa, da wannan suna kuma waƙar ta san shi. A 1992 wani likita Ba'amurke, Dakta Steven Arrowsmith, ya buɗe sashen ɗinkin yoyon fitsari a can, mata suka yi ta zuwa daga ƙauyukan nesa.

Tambaya biyu za mu yi wa waƙar. Ta fari, in an auna ta da ma'aunin waƙar Hausa, ina ƙarfinta, ina kuma rauninta? Ta biyu, waɗanda su ke cewa irin wannan waƙa magani ce, sun yi gaskiya?

Ciwon da ya haifi waƙar

Ba a fahimtar waƙar sai an san ciwon. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya kasa wuce ƙashin ƙugun uwa, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa. Daga ran nan fitsari ba ya tsayawa, dare da rana, ko tana tsaye ko tana kwance. Jaririn kuwa galibi ba ya zuwa da rai. Wata kafar ta kan haɗa har da hanyar bayan gida, wata kuma jijiyar ƙafarta ta kan taɓu, ta dinga jan ƙafa.

Wani likita mai suna Tahzib ya buga lissafi a 1983 a kan mata 1,443 da aka gani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ya sami kashi 83 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuwa yankan gishiri, watau yankan da ungozoma ko wanzami kan yi wa mace a gaba da aska ko reza, da nufin magani. A 2004 kuma Dakta Wall da abokan aikinsa suka duba takardun mata 899 na Jankwano. Siffar mafi yawansu ɗaya ce: gajeruwa ce marar jiki, 'yar ƙauye, matalauciya, ba ta yi makaranta ba, an yi mata aure tana wajen shekara 15, a haihuwar fari ta gamu da ciwon, yanzu kuma ba ta tare da miji.

Akwai abu ɗaya da lissafi ba ya nunawa, shi ne shiru. A al'adar Hausa yarinya mai kunya ba ta zancen cikin fari, ba ta kiran sunan ɗan fari, in tana kan gwiwa kuma ba a so a ji muryarta. Wadda ta daure ita a ke yabo. To, wannan dauriya da a ke yabo ita ce wani lokaci ta kan sa a kwana biyu ba a san an shiga hatsari ba. Bayan ciwon ya kama, sai wani shirun ya biyo baya. Zani ba ya bushewa, wari ya hana ta shiga biki da suna, a ware mata ɗaki da kwano. Da yawa su kan ɗauka ko salla ba ta halatta gare su ba, ko da ya ke malaman fiƙihu sun yi rangwame ga mai irin wannan lalura. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: masu waƙar nan mutane ne da aka koya wa shiru sau biyu.

Sunan waƙar

Rabin hikimar waƙar a cikin sunanta ya ke, don haka za mu daɗe a kansa. Ɗalibi ya riga ya san yadda a ke ƙulla "ɗan" da wata kalma a sami sunan mutum ta wajen garinsa ko sana'arsa: ɗan Kano, ɗan kasuwa, ɗan sanda. To, ɗan duniya fa? Kowa a duniya ya ke, amma ba kowa a ke kira haka ba. Ɗan duniya shi ne wanda ya fita daga hannun iyaye, ba shi da gida sai inda dare ya yi masa, ba ya jin kunyar kowa, ba ya jin faɗa. 'Yan'uwansa a harshe su ne ɗan dandi da ɗan iska. In an ce yaro "ya shiga duniya", ya gudu ke nan ya bar gida. In kuwa mace aka ce "ta shiga duniya", kowane Bahaushe ya san karuwanci a ke nufi. Har wa yau a kan ce wa mutum ɗan duniya cikin raha, in ya cika wayo da iya shige da fice, kamar mai cewa, "Kai, wannan ba a iya masa!"

Dakta Wall ya fassara sunan da kalmomin Turanci masu ma'anar "azzalumin duniya". Ta wajen nauyin wahalar bai yi kuskure ba, gama ciwon azzalumi ne. Amma fassarar ta ɗaga fitsari ta ɗora shi a gadon sarauta, alhali Hausar cikin tasha ta jefa shi, tare da 'yan iska. Dubi yadda sunan ya dace da shi. Fitsarin mai lafiya yana da ɗakinsa, yana zaune ciki sai an ba shi izini ya fita. Na mai yoyo kuwa ya ƙi zaman gida. Yana fita ba sallama, gaban baƙo, gaban suruki, a kasuwa, a kan tabarmar salla. Duk abin da a ke ƙi ga yaron da ya lalace, yana yi.

Sa'an nan ga abin da ya fi wannan. Matar da aka kora daga ɗakinta, ta bar ƙauye ita kaɗai, ta sauka birni ba miji, da wane suna mutane za su kira ta? Waƙar kanta ta ambaci yadda a ke jifan matan da zargin karuwanci. Watau su a ke shirin kira 'yan duniya. Sai suka ɗauki sunan tun bai manne musu ba, suka liƙa wa mai shi na gaskiya. Shari'a ce aka yanke cikin kalma uku: an sami wanda ya yi rashin kunya a gidan nan, amma ba matar ba ce. A nahawu kuma "fitsari" namiji ne, shi ya sa aka ce ɗan, ba 'yar ba. Jinsin kalma ne ya kawo haka, amma mai saurare ba zai rasa lura da cewa a waƙar mata zalla, mai laifin namiji ne.

Kirari ne ko zambo?

Ginin sunan ginin kirari ne: a kira abu, a bi shi da laƙabi, kamar yadda a ke cewa Kano ta Dabo. Hausawa ba mutane kaɗai su ke yi wa kirari ba, su kan yi wa garuruwa da namun daji da makamai, har da abin da su ke tsoro. Yi wa ciwo kirari kuwa tsohon abu ne, a wajen 'yan bori aka fi saninsa. A can kowane iska yana da takensa da kirarinsa da cutar da ya ke sa wa mutum. Har yau cutar nan mai shanye ƙafafun yara shan inna a ke ce mata, da sunan Inna, ɗaya daga cikin manyan iskoki. Wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, a kan yi masa girka, a kaɗa garaya ko goge, a kira iskan da kirarinsa har ya sauko a san abin da ya ke so.

Masana da yawa sun rubuta wannan. Tremearne ya gan shi wajen Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga littafinsa a 1914. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nata a kan Maraɗi a 1972, Fremont Besmer a kan Kano a 1983. A 1999 kuma Susan O'Brien ta nuna yadda waɗansu 'yan borin Kano su kan tafi aikin haji su tsaya a ƙasar Makka suna yi wa mutane magani. Ba abin mamaki ba ne, gama tsohon garin Jidda, wanda a ke kira Balad, ya daɗe yana ƙofar Makka ga alhazan da suka ƙetaro Bahar Maliya, Hausawa da yawa kuma sun zauna a ƙasar da al'adunsu. Malamai dai tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo su ke yaƙi da bori, ba mu kuwa kawo shi nan don mu ce matan Jankwano bori su ke yi ba. Mun kawo shi don a ga cewa kunnen Bahaushe ya saba da jin an kira cuta da suna an yi mata magana kamar mutum.

Bambancin kuwa babba ne. Ɗan bori sulhu ya ke nema da iskansa. Ya kan yi masa yanka, ya sayi tufafin da ya ke so, ya zama dokinsa har iyakar rai. Matan Jankwano ba sulhu su ke nema ba, so su ke a rufe ƙofa a bar ɗan duniya a waje. Sabo da haka sunan "waƙar yabo" da aka ba ta a Turanci rabinta kaɗai ya kama. Abin da aka yi wa fitsari zambo ne aka sa masa rigar kirari, irin wanda maroƙi kan yi wa abokin gaban ubangidansa. Yabo na gaskiya yana can gaba, wajen likita, za mu kuwa zo kansa.

Ni, da mu, da ku

Labarin da ke cikin waƙar gajere ne. Yarinya ce ciwo ya kama tun tana ƙarama, miji ya yar da ita, tana zaune a gida har labarin asibiti ya iso ta. Ta roƙi uwarta abin da za ta biya mota, ta tafi Jos, likita ya ɗinke ta. Babu kalma mai wuya a ciki, babu Larabci irin na malamai, babu salon fada. Hausar ɗaki ce da ta tsakar gida.

Wurin da na fi yabawa a labarin shi ne zancen kuɗin mota. Mawaƙin da bai san ciwon ba, da hawaye da baƙin ciki zai cika baitinsa. Wadda ta sha shi ta san cewa tsakaninta da lafiya akwai hanya mai nisa da direba mai jiran a biya shi. Abin da ya hana ta isa asibiti ran naƙuda, shi ne dai ya ke neman hana ta isa yanzu. Ga kuma wadda aka roƙa: uwa. Binciken da Margaret Murphy ta buga a 1981 a kan masu wannan ciwo a Zariya ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ciwon, gwargwadon janyewar mazaje, matan su koma hannun iyayensu. Abin da mai bincike ya tara da tambayoyi, waƙar ta nuna shi da wanda ta zaɓa ta kira a lokacin ƙunci.

Sa'an nan a lura da yadda mai magana ta ke sauyawa. Wani wuri mace ɗaya ce ke ba da labarinta, wani wuri kuma "mu" ne, jama'a masu neman lafiya. Daga nan sai a juya ga sauran mata masu lafiya a gargaɗe su cewa in abin ya same su, su ma haka za a yi musu. Wannan juyi daga ni zuwa mu shi ne aikin da waƙar ta ke yi a zahiri. A ƙauyenta kowace ta ɗauka ita kaɗai Allah ya jarraba da wannan abu. Ran da ta shiga asibiti ta ga mata da dama masu irin zaninta, ran nan ta san ciwo ne mai suna da dalili. Hanyar waƙoƙin mata kuwa, irin na gaɗa da na daɓe da na amada, ita ce ɗaya ta bayar saura su amsa. Wadda ta zo jiya, ba ta san kowa ba, ba ta iya ba da labarinta ba tukuna, tana iya karɓar amshi. Da ta karɓa kuwa ta furta kalmar da ta yi shekaru tana ɓoyewa, a cikin taro, da ƙarfi, ba wanda ya toshe hanci. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A nan karin maganar ya tashi daga magana ya zama aiki.

Akwai kuma zancen mijin da ya dawo yana neman ta bayan an ɗinke ta. Mai karatu na waje ya kan ɗauki wannan a kan kyakkyawan ƙarshe, an rabu an shirya. Ni ban ji shi haka ba. An riga an gaya mana dalilin da ya sa ya yar da ita, yanzu an gaya mana lokacin da ya dawo, aka bar mu mu haɗa biyun da kanmu. Wannan shi ne habaici. Zambo ya kan kama suna ya yi zagi a fili. Habaici kuwa ya kan ajiye magana a tsakar gida, mai ita ya zo ya ɗauka. Matan Hausa gwanaye ne a kansa, da shi su ke faɗa da kishiya da uwar miji a bakin turmi, inda ba dama a yi faɗa da baki. Ba a zagi mijin ba ko da kalma ɗaya, amma duk macen da ke wurin ta san abin da aka ce da shi.

Inda waƙar ta yi rauni

Sharhi ba ya cika sai an faɗi aibi, tausayin masu waƙa kuma bai kamata ya hana ba, don raini ne a ƙi auna aikin mutum da ma'aunin da a ke auna na kowa.

Na fari, a takarda waƙar ba ta da kauri. Wanda ya saba da azancin Narambaɗa, inda baiti ɗaya kan ɗauki ma'ana biyu ko uku, zai ga bayan sunan nan mai ƙarfi sauran magana ce miƙaƙƙiya. Gaskiya ne. Amma a tuna rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle murya da amshi. Abin da ɗalibi ya ke gani a shafi ƙashi ne ba tsoka. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wannan kuwa ta fi kowace bukatar bakin masu ita.

Na biyu shi ne yabon likita. Waƙar ta kama sunan Dakta Arrowsmith ta yi masa godiya da addu'a. Ta wata fuska ba laifi. Maroƙi ya kan yi yabo don a ba shi, su kuwa an riga an ba su, godiya ce tsantsa, wadda kuma ta cancanta. Amma yabo yana da halinsa: ya kan ɗaukaka mai bayarwa ya ƙanƙantar da mai karɓa. Matan da suka tsaya da ƙafafunsu a farkon waƙa suna yanke wa fitsari hukunci, a nan sun koma masu durƙuso. Baƙon da ya zo ziyara kuma, in ba ya jin Hausa sosai, sunan likita kaɗai zai kama, ya koma gida yana cewa ya ji waƙar godiya, fushin da habaicin duk sun wuce shi. Ba tilas ne labarin ya tsaya a nan ba. A asibitin da Reginald da Catherine Hamlin suka kafa a Addis Ababa a 1974, wata da ta zo wajensu da ciwon tana yarinya tun kafin a kafa shi, Mamitu Gashe, ta zauna ta koyi aikin har ta zama gwanar ɗinkin da likitoci ke koyo a hannunta.

Na uku ya fi duka nauyi. Hanyar da waƙar ta shimfiɗa hanya ce mai ƙarewa da waraka: ciwo, tafiya, ɗinki, komawa gida. Mafi yawan mata haka ta kan kasance musu. Amma likitocin wannan aiki duk sun san akwai waɗanda a kan rufe kafar, fitsari kuwa ya ci gaba da zuba don mafitsara ta riga ta lalace. Akwai waɗanda a kan yi wa aiki sau uku, sau huɗu, akwai kuma waɗanda ba ya ɗinkuwa sam. Irin wannan mace tana cikin taron, tana amshi, amma ƙarshen labarin ba nata ba ne. Amshin na kowa ne, ƙarshen na waɗansu. Ga mai ciwon da ba ya warkewa, waƙar da ta rataya farin ciki duka a kan allurar likita tana iya zama ƙarin ciwo ran da 'yar'uwarta ta ɗaure kaya za ta gida.

A nan ya kamata a gwada ta da Imfiraji, waƙoƙin Alhaji Aliyu Namangi na Zariya. Shi makaho ne tun yana ƙarami, ba kuwa likitan da zai buɗe masa ido. Sunan waƙoƙin daga Larabci ya ke, ma'anarsa yayewar ƙunci, abin da ke cikinsu kuwa begen Annabi ne da wa'azi. Yayewar da ya ke nufi ba ta jiran jiki ya gyaru. Shi ya sa makafi suka ɗauke su suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje, suna samun abinci da su, suna kuma samun girma, shi kansa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Imfiraji waƙar zama da lalura ce, "Fitsari Ɗan Duniya" waƙar fita daga cikinta. Kowace da ranarta, amma mai ciwon da ya zo zama ya fi bukatar irin ta farin.

To, magani ce?

A Ingila wani mai zane, Adrian Hill, ya kwanta da tarin fuka, ya ga zane yana rage masa nauyin jinya, ya shiga koya wa sauran majinyata. A 1942 ya raɗa wa abin suna, watau jinya ta hanyar zane, ya kuma yi littafi a kansa a 1945. Daga nan abin ya zama sana'a mai makaranta da takardar shaida, ya haɗa da kiɗa da rawa da rubutu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto wanda ya tattara bincike masu yawa a kan amfanin fasaha ga lafiya. A wannan tsari galibi gwani ne ya ke zuwa da kayan aiki ya miƙa wa marar lafiya. A Jankwano kuwa kayan ginin duk na matan ne: kirari, zambo, habaici, amshi, abubuwan da suka taso da su tun suna 'yan gaɗa a dandali.

Ga Bahaushe tambayar ba ta cika ba sai an ƙara kalma ɗaya: maganin me? Gama "magani" a Hausa ya fi ƙwaya da allura faɗi. Akwai maganin sauro, akwai maganin ɓarayi, an kuma ce haƙuri maganin zaman duniya. Duk abin da ya kau da wata damuwa maganinta ne. In haka ne amsar a fili ta ke. Waƙa ba ta rufe kafar mafitsara, wannan aikin zare da allura ne da robar fitsari ta mako biyu. Amma ciwon nan kashi biyu ne, na jiki da na zama da mutane, likita kuwa na farin kaɗai ya ke iya ɗinkewa. Kunya da kaɗaici da zargin kai, su ne waƙar ta ke yi wa magani, ta kuwa iya.

Sai dai a yi hattara. Waƙa ba ta cin kuɗi, ɗakin tiyata kuwa yana ci, mai rowa kuma ba ya rasa son abin da ke arha. Ciwon nan ya ɓace daga Turai da Amurka ne sa'ad da kowace mai naƙuda ta sami ungozoma mai horo da asibiti kusa da likitan da zai ciro jariri in haihuwa ta gagara. A ƙasar Hausa ma aikin da ya rage wahalar irin wannan ne. A Babbar Ruga ta Katsina, wadda dā asibitin kutare ce, wani likita ɗan Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya soma ɗinkin a shekarun 1980, ya yi wa mata dubbai, ya horar da likitocin ƙasa masu yawa. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe asibitin yoyon fitsari a 2012, inda bayan tiyata a kan koya wa mata ɗinki da saƙa. Sana'ar hannu tana da amfaninta, ita ke ba mace abin da za ta riƙe kanta in ta koma. Amma mayafin da ta saƙa ba ya faɗin abin da aka yi mata. Akwai kuma fim ɗin nan Dry na Stephanie Linus, wanda aka nuna a Nijeriya a 2015, da ranar 23 ga Mayu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa ciwon tun 2013. Waɗannan duk magana ce a kan matan, ana yi wa waɗansu. Waƙar Jankwano maganarsu ce, suna yi wa junansu.

Hukuncinmu ke nan. Ta wajen azanci waƙar ba ta kai manyan waƙoƙin fada ba, ƙarshenta kuma ya bar waɗansu masu ita a baya. Amma sunanta kaɗai ya isa a sa ta cikin abin da ɗalibin Hausa zai karanta, don da wuya a sami wuri ɗaya da zai nuna masa aikin kirari da nauyin kalmar "duniya" da iyakar kunya kamar nan. In ya same ta, kada ya karanta ta a zuci. Ya nemi abokan karatunsa, ɗaya ya bayar saura su amsa, ya ga ko bakinsa zai iya furta kalmar farin nan gaban malaminsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. In ya ji nauyinta, to, ya fara gane abin da matan suka ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.